Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Ganima

Musu iri uku ne kowane ɗalibi ya saba ji a hostel ɗin maza bayan isha'i: na ƙwallo, na siyasa, da na wane malami ne ya fi rowar maki. A ɗakinmu akwai na huɗu, wanda maƙwabta suka daɗe suna ji ta taga ba su gane kansa ba. Sai ka ji wani ya ɗaga murya, "Wallahi duk wanda ya zuba maki a tsafi bai san wasa ba!" wani ya mayar masa, "To hular fa, wa ya ce taka ce?" Har wani ɗan ɗakin kusa da mu ya taɓa tare ni a bakin famfo yana tambaya ko hular wani aka ɗauke, a kai magana gaba. Babu hular da aka ɗauke. Hular tana cikin kwamfuta, ba ta tare rana, ba a zuwa Juma'a da ita. Amma ta hana mutum biyu cin abinci a kwano ɗaya har kwana uku. Shi ya sa na ga kafin in bar makarantar nan ya kamata in rubuta wani abu a kan wannan musu namu.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, ga bayani a gurguje. Wasannin da nake nufi ba irin ƙwallon da ake bugawa a shagon gem ba ne, inda ana hura usur an tashi, gobe a sake sabon lale. A nan jarumi ɗaya ake ba ka, babu komai a jikinsa sai ɗan guntun makami. Ka shiga daji da kogo kana yaƙar dodanni. Duk dodon da ka kashe zai iya zubar da wani abu, ko takobi, ko sulke, ko zobe, ko hula. Wannan muke kira ganima. Duk lokacin da jaruminka ya hau mataki kuma, sai a ba ka maki ka raba yadda ka ga dama. Yadda ka raba makin, haɗe da kayan da ka sa masa, shi muke kira gini. Wasan ke nan gaba ɗaya, gini da ganima, kuma a kansu ake faɗa tun daga ɗakinmu har Koriya.

Wanda muke bugawa shi ne Diablo II, na kamfanin Blizzard da ke Amurka. Ya fito a 2000, aka yi masa ƙari a 2001 wanda ya kai jarumansa bakwai. Wato wasan ya girme ni. Tsufan nasa ne ma ya sa muka riƙe shi: kowace tsohuwar laftof tana ɗaukarsa, ba ya cin data, kuma da hotsifot ɗin waya ɗaya za mu haɗu a duniya ɗaya, har mutum takwas in da za a samu. Mu huɗu ne. Akwai Injiniya, ɗan sashen lantarki. Akwai Akanta. Akwai Auta, ɗan ajin farko da aka haɗa mu ɗaki da shi bana. Sai ni, ɗan sashen ƙididdiga. Na biyar ɗinmu Ustaz ne, shi ba ya bugawa, sai dai ya leƙo ya ga dodanni ya girgiza kai ya ce Allah Ya shirye mu.

Musun gini daga Injiniya yake tashi. Shi mutumin littafi ne. Kafin ya taɓa wasan sai da ya sayi data ya zauna a YouTube ya kalli yadda gwanaye suke yi, ya rubuta a bayan littafin lakca. A Diablo II duk matakin da ka hau ana ba ka maki biyar na jiki da ɗaya na fasaha. Na jikin gida huɗu ake zuba su: ƙarfi, zafin nama, jini, da rumbun tsafi. Abin da gwanaye suka daɗe da tsayawa a kai shi ne ka sa wa ƙarfi iya abin da zai ba ka damar ɗaukar kayanka, kada ka sa ko ɗaya a rumbun tsafi, sauran duka ka juye a jini. Haka Injiniya ya yi, bai kauce ko taku ɗaya ba. Jaruminsa barden nan ne da ake kira Paladin, ginin kuma shahararren nan ne mai jefa guduma tana kewaya shi kamar guguwa. Dalilin shaharar ginin a fili yake. A matakin wahala na uku, wanda suka sa wa suna Hell, yawancin dodanni akwai abin da ba ya kama su sam, wani wuta ba ta cinsa, wani sanyi, wani walƙiya. Ita kuwa gudumar nan dodannin da ke tsallake ta kaɗan ne.

Hujjar Injiniya ba ta wasa ba ce. Yakan ce, "Mutumina, batirin nan awa biyu yake yi in an ɗauke wuta. Mutane sun shekara ashirin suna gwada wasan nan, sun gano hanya. Ni da zan shiga lab da safe, don me zan ɓata daren da nake da shi wajen gano abin da aka riga aka gano?" Yakan kuma tuna mana cewa shekara goma na farkon wasan babu gyara. In ka zuba maki a inda bai dace ba, shi ke nan, sai dai ka sake sabon jarumi daga mataki na ɗaya. Sai a 2010 aka kawo facin da ya ba da damar warware makin a sake rabawa, shi ma a ƙidaye. To wanda ya san wannan tarihi, in ya ce a bi littafi, ba za ka ce tsoro ne kawai ba.

Ni kuwa bokanya na ɗauka, na kuma gina ta ta hanyar da Injiniya ya kira ɓarnar dukiya. Kowa ya san bokanya daga nesa take tsayawa tana jefa ƙanƙara ko walƙiya. Ni sai na ba ta takobi, na juye makina a wata fasaha da ke sa wa makami wuta. In ita kaɗai ce, gaskiya tafiyar hawainiya take yi. Dodon da Injiniya zai gama da shi kafin ka ɗaga kofin shayi, ni sai shayin ya huce. Amma fasahar nan ba kanka kaɗai take yi wa aiki ba, kana iya sa wa abokin tafiya. Auta kuwa mai tayar da ƙwarangwal ne, yana tafe da rundunar ƙasusuwa a gabansa. Ranar da na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa wa makamansu wuta, na sa wa gatarin Akanta, muka share filin da ya saba cin mu, ɗakin ya yi tsit. Injiniya ya ce sa'a ce. Muka sake, aka sake sharewa.

Abin da nake gaya masa tun lokacin shi ne, kalmar "mafi kyau" rabin tambaya ce. Mafi kyau a me? A hannun wa? Da wane kaya? Jagororin da yake kallo an yi su ne don mai bugawa a intanet, inda dubban mutane ke musayar kaya dare da rana. Kusan kowannensu zai ce maka barden guduma sai da sulken Enigma, wanda ke ba kowane jarumi ikon ɓacewa ya bayyana a wani wuri. Ana haɗa shi ne da duwatsu uku masu rubutu, Jah da Ith da Ber, daga cikin 33 da ke wasan. Jah da Ber suna cikin mafiya wuyar samu. Mu huɗu ne a ɗaki, babu kasuwa, babu wanda za mu saya a wurinsa. Har yau ko ɗaya daga cikin biyun bai taɓa faɗo mana ba. Wato Injiniya ya zana gidan bene da lissafin kayan da ba a sayarwa a garinmu. Gininsa yana aiki, ban musa ba, amma abin da yake gani a bidiyo daban, abin da ke kan laftof ɗinsa daban.

Wannan musu ba namu ba ne mu kaɗai. A Path of Exile, wanda wani kamfani a New Zealand ya fitar a 2013, bishiyar da ake raba maki a kanta tana da gurabe fiye da 1,300. Sabon shiga in ya buɗe ta sai ya ji kamar an miƙa masa taswirar ƙasa babu sunan gari ko ɗaya. Har wata manhaja 'yan wasan suka ƙirƙira, Path of Building, don mutum ya lissafa gininsa kafin ya fara. A can ma ɓangare biyu ne: masu cewa sabon shiga ya kwafi ginin gwani ko ya sha wuya, da masu cewa in ka kwafa to wani ne ya buga maka, kai dai yatsu ka ba da aro.

A Elden Ring kuwa, na kamfanin FromSoftware na Japan da ya fito a Fabrairun 2022, musun ya koma na mutunci. Akwai wani abu a ciki, Mimic Tear, da ke kira maka kwafin kanka ya taya ka faɗa. Akwai kuma takobin Rivers of Blood da ya yi ƙaurin suna wajen sauƙaƙa aiki. Wasu suka ce duk wanda ya ci wasan da waɗannan bai ci ba. Wasu suka ce ai masu wasan ne suka sa su a ciki, ba a sa su don ado ba. Ana cikin haka sai ga wani ɗan wasa mai laƙabin Let Me Solo Her, babu sulke a jikinsa sai tulu a ka da takubba biyu, aikinsa shiga duniyar mutane ya kashe musu Malenia, bos ɗin da ta fi addabar jama'a. Da ya cika sau 1,000, kamfanin Bandai Namco ya aika masa takobi na gaske. Masu cewa gwaninta ce komai suka ce ga hujjarsu. Sai aka tuna musu cewa ɗaya daga cikin takubban nasa biyu shi ne wancan da suke rainawa. Har gobe ba a gama ba.

Kuma shi yayi ba ya zama. Masu wasa suna iya sakin faci dare ɗaya su dakushe abin da kowa ya dogara da shi. An rage wa Mimic Tear ƙarfi ƙasa da wata ɗaya bayan fitowar wasan. A Yulin 2023, dab da zangon farko na Diablo IV, an saki facin da ya rage wa jarumai ƙarfi, 'yan wasa suka yi ca, har sai da masu wasan suka fito kai tsaye suna ba da baki. Wanda ya san dalilin da ya sa gininsa ke aiki, in kiɗa ya canza zai canza rawa. Wanda ya haddace kawai, sai ya zauna jiran wani ya sake yin bidiyo.

Duk wannan musun baki ne, ana yi ana dariya. Wanda ya taɓa zuciya shi ne na ganima.

A Diablo II in kuna tare, abin da dodo ya zubar a ƙasa yake faɗuwa, kowa yana gani, wanda ya riga dannawa shi ya samu. Kalar sunan ke nuna darajarsa: fari na banza, shuɗi da ɗan dama, rawaya ya fi, kore na saiti ne, ruwan zinare kuwa shi ne wanda babu irinsa. Wani daren Asabar muka shiga wa Mephisto, bos ɗin babi na uku, a matakin Hell. Akanta ƙaton nan yake bugawa, Barbarian. Aikinsa ya yi kururuwar da ke ƙara wa kowa jini, sannan ya je ya tsaya ƙirji da ƙirji da bos yana shan duka don mu samu sarari. Sau biyu yana mutuwa a faɗan nan, yana dawowa a guje ya ɗauki gawarsa. Da Mephisto ya faɗi, sai ga suna da ruwan zinare: Shako. Duk wanda ya san wasan ya san hular nan. Tana ƙara mataki biyu a kan kowace fasaha, ta ƙara jini, ta ƙara kashi 50 cikin ɗari a sa'ar samun kaya. Kafin mu gama salati ta ɓace. Auta, wanda ƙasusuwansa ke yi masa faɗa hannunsa yana hutawa a kan maus, ya riga kowa.

Akanta bai ce komai ba da farko. Ya rufe laftof a hankali, ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Auta ya ce, "Haba Yaya, ai ƙa'idar wasan ce, wanda ya riga. Kuma ni ta fi yi wa amfani, rundunata za ta ƙara ƙarfi. Kai kana da hulunan da aka yi don irin jaruminka." Maganar Auta gaskiya ce ta fuskar lissafi. Injiniya ma ya goyi bayansa, ya ce haka littafi ya ce. Ni na tsaya a kan cewa lissafi bai ga mutuwa biyun da Akanta ya yi ba. Washegari aka dafa taliya, Akanta ya zuba tasa a murfin tukunya ya koma gadonsa. Ɗakin da mutum biyar ke kwana, in biyu ba sa magana, sauran ukun ma ba su da sakewa.

A rana ta uku Ustaz ya gaji. Ya ce, "Ku da kuke ta ganima, ganima, kun san tana da babi guda a fiƙihu?" Ya ce a can ba a taɓa ta sai an gama yaƙi an tara ta wuri ɗaya. A fitar da humusi, sauran a raba wa waɗanda suka halarta, wanda ya yi sara da wanda ya tsare baya. A mazhabar Malikiyya mai doki kashi uku, na ƙasa kashi ɗaya, kuma kowa ya san haka tun kafin a fita. Wanda ya soke wani abu a riga kafin rabo, aikinsa yana da suna, gululu. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Naku dai wasa ne, kada wani ya ce na ba da fatawa a kan hular aljanu. Abin da nake nufi, mutanen da suka fi ku hankali ba su bar rabo a hannun mai saurin hannu ba. Ku yi doka, ku bar mu mu yi barci."

Daren nan muka rubuta doka uku a takarda muka manna a bayan ƙofa. Ba a ɗaukar abu mai sunan zinare sai faɗa ya ƙare kowa ya gani. Wanda gininsa ke buƙata shi ne a gaba. In mutum biyu suna buƙata, to bi da bi ne kamar adashi, kuma Akanta ke riƙe da lissafin. Auta ya jefar da hular a ƙasa, aka ba Akanta ɗaukar farko. Ya sa ta sati guda cur, yana yawo da ita a cikin gari ana gani. Ran na takwas ya kira Auta ya jefa masa, ya ce, "Ungo, ƙasusuwanka ne ke tare mini baya." Ashe tun farko ba hular yake so ba. So yake a tambaye shi.

Su ma masu yin wasannin sun sha fama da wannan. A Diablo III, wanda ya fito a Mayun 2012, sai suka raba gardama, kowa ganimarsa shi kaɗai yake gani. Path of Exile ya bar wa 'yan ƙungiya zaɓi, ko wawaso ko a rubuta wa kowa nasa. Amma Diablo III ya zo da wani sabon abu: kasuwar gwanjo a cikin wasa, inda ake sayen kaya har da kuɗi na gaske. Sai ya zama hanya mafi sauri ta samun takobi mai kyau ba kashe dodo ba ce, buɗe walat ce. Mutane suka koma zaman kasuwa suna duba farashi. A Maris na 2014 kamfanin da kansa ya rufe kasuwar, yana cewa tana rushe ainihin abin da wasan ya ginu a kai. A Janairun 2025 ma an ga wani salon, lokacin da Elon Musk ya buga Path of Exile 2 kai tsaye da jarumi mai manyan kaya, 'yan wasa suka lura hannun bai yi daidai da kayan ba. Daga baya ya amsa cewa akwai masu taya shi buga asusun. Kayan da ba kai ka yi noman su ba, tafiyarka ma tana tona maka asiri.

Nan ne maganar ta daina zama ta raha, don akwai wani nau'in ganimar da ya fi kasuwar gwanjo haɗari. A gwanjo aƙalla ka san abin da ka saya. A wasannin waya da yawa kuwa sa'a kake saya: ka biya, a buɗe maka akwati, ko ka samu ko ka tashi a tutar babu. Genshin Impact, na wani kamfanin Sin da ya fito a 2020, ya rubuta nasa lissafin a fili: damar samun jarumi mai tauraro biyar a ja ɗaya kashi 0.6 ce cikin ɗari, amma an yi alkawarin ba za ka wuce ja 90 ba ka samu ba. Ko ka samu ɗin, kusan rabi da rabi ne ya zama wanda ake talla, don haka mai rashin sa'a zai iya kaiwa ja 180. Ƙasar Sin ta wajabta bayyana irin waɗannan alƙaluma tun 2017. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. Da Diablo Immortal ya fito a waya a Yunin 2022, ba a sake shi a Beljiyam da Holan ba. Tun tsakiyar ƙarni na 20 wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya nuna da tantabaru da ɓeraye cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi riƙe mai nema fiye da ladan da ke zuwa a kan ƙa'ida. Abin da ke sa mu sake shiga wa Mephisto sau hamsin ke nan. Bambancin kawai, a can dare muke biya, a nan kuɗi.

A hutun da ya raba zangon farko da na biyu, da muka watse babu hotsifot, Akanta ya sauke wani ƙaramin wasan waya. Shi babu alkawarin ja 90, kawai an rubuta cewa damar samun babban makamin kashi ɗaya ce cikin ɗari. Da muka dawo na lura ya daina sayen ƙosai da safe, ya ce azumin nafila yake. Sai wani dare ya zauna a bakin gadona ya ce in taya shi lissafi. Ya ja sau saba'in, yana saye ta hannun wani mai sayar da kuɗin wasan. A ganinsa saura talatin makamin ya fito, tunda ɗaya cikin ɗari ne. Kuɗin da yake ja da su kuwa na furojet ne, wanda mahaifinsa ya aiko don bugawa da ɗauri, kuma fiye da rabi ya tafi.

Na ɗauko kalkuleta na ce ya danna da hannunsa: 0.99 sau kanta har sau ɗari. Ya fito kusan 0.37. Na ce, "Ma'anarsa, in mutum ɗari suka ja sau ɗari-ɗari, wajen 37 za su tashi babu komai. Kuma akwatin ba shi da ƙwaƙwalwa. Bai san ka ja saba'in ba. Ja na saba'in da ɗaya daidai yake da na farko." Ya daɗe yana kallon lambar. Mutumin da ke iya daidaita littafin kuɗi na kamfani a jarrabawa, ga shi wasan waya ya shige masa ta bayan gida, don ba a ce masa caca ba ne, an ce masa ganima. Da a shagon caca ne, wallahi ko ƙofar ba zai kalla ba. Ya goge wasan a gabana. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa, mu huɗu har da Ustaz, aka cike kuɗin ɗauri, shi kuma ya rubuta bashin a ƙasan takardar nan ta bayan ƙofa da hannunsa. Ya biya rabi zuwa yanzu. Da izininsa na rubuta wannan, sharaɗinsa kawai kada in faɗi suna.

To ga inda na tsaya bayan shekara biyu ana wannan musu. A kan gini, ka karanta abin da gwanaye suka ce, amma ka tambayi kanka da wane kaya suka yi nasu, kai kuma me ke hannunka, su wa kake tafiya da su. Injiniya har yau yana cewa bokanyata ɓarna ce, ni ma har yau ina sa wa ƙasusuwan Auta wuta, kuma tare muke cin bos. A kan ganima, ku yi dokar rabo tun kafin abin ya faɗo, don bayan ya faɗo kowa lauyan kansa ne. A kan akwatin sa'a kuwa babu ɓangare biyu a wurina. Duk wasan da ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka wataƙila, sunansa caca ko da an yi masa zanen dodo.

Mu da ke fita bana mun fara jin irin wannan musun a waje, da wasu kalmomi. Kowa yana da jagorar da zai ba ka: kwas kaza ne ake yayi, ka koyi kaza, ka bar kaza, wane ya bi ta nan ya yi mota. Ina saurara, don wasu sun san abin da suke faɗa. Amma nakan so in ji da wane kaya wanen ya fara.

Mu uku za mu kwashe kayanmu bayan jarrabawa, Auta zai rage shi da hularsa da takardar bayan ƙofa. Wasan yana ɗaukar mutum takwas, don haka akwai gurbi ga duk mai tsohuwar laftof da haƙurin musu. Yana neman mai shan duka a gaba musamman. Sai dai ka zo da abin jona wutarka, soket biyu ne a ɗakin, kuma ɗaya na hitar Ustaz ne.